Zaman Jami'a a Samaru: Sharhi Kan Karatu, Al'ada da Haƙƙin Maƙwabtaka

Wanda ya bar birnin Zazzau, ya wuce Tudun Wada da Kwangila, ya miƙi hanyar da ta nufi Funtuwa, ba zai daɗe ba zai tarar da wata doguwar katanga a gefe guda na titi, garin Samaru kuma a ɗaya gefen. A bayan wannan katanga ne Jami'ar Ahmadu Bello take zaune tun ranar 4 ga Oktoba 1962, lokacin da aka buɗe ta da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426, alhali a yau masu karatu a cikinta ana lissafa su ne da dubun-dubata. Sau da yawa akan ji dattawan da suka yi karatu a can suna kokawa cewa ɗalibin yanzu bai kama ƙafar na da ba, su kuma matasa su mayar da cewa dattawan sun sha romon jami'ar ne suka bar musu ƙashi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma galibi maganar takan tsaya ne a kan kuɗi, ko ƙarancin malamai, ko lalacewar tarbiyya. Abin da nake gani, bayan dogon nazari a kan tarihin wurin, shi ne cewa babban abin da ya raunana shi ne zaman tare, wato rayuwar da ke haɗa malami da ɗalibi, da ɗalibi da ɗan'uwansa, da jami'a da garin da take cikinsa, domin a cikin wannan zama ne ilimi yake nuna har ya zama ɗabi'a.

Mutanen Zazzau ba baƙi ba ne ga wannan ma'ana. Tun kafin Turawa su sauka, unguwannin malamai na cikin birni, irin su Juma da Kona, sun shahara da karatun nahawu da lugga, har ɗalibai suna yin tattaki daga ƙasashe masu nisa domin su zauna a zaurukansu. Ɗalibi a wannan tsari yakan lazimci malaminsa shekara da shekaru, ya ɗauki darasi da hantsi, ya yi muɗala'a da rana, da dare kuma ya zauna muraja'a da 'yan'uwansa, suna jayayya a kan i'irabin baiti guda na Alfiyya ko wata mas'ala ta Risala har fitila ta ƙare. Yana ganin yadda malam yake karɓar baƙo, da yadda yake yin shiru idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, da yadda yake rabon abin da aka kawo masa na sadaka. Idan ranar ijaza ta zo, abin da ake shaida masa ya haɗa da littattafan da ya sauke da kuma halin da aka gani a tare da shi tsawon zama. Jami'ar zamani ta zo da wani tsari daga Ingila, amma a wannan fuska ɗaya ta yi muwafaƙa da namu, gama ita ma asalinta zama ne: a tara masu neman sani wuri guda, a ɗauke musu wahalar ci da kwana na 'yan shekaru, a bar su su gogu da juna.

Jami'ar ba daga fili aka fara ta ba. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i a Nijeriya, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ta tattara makarantun da suke akwai, wato reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da ta dabbobi a Shika, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero a 1977, ta ɗinke su suka zama jiki guda. Shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin New Zealand. A 1966 kuwa ragama ta koma hannun Dakta Ishaya Audu, Bahaushe Kirista haifaffen Anchau, likitan yara, wanda ya riƙe ta har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar. Duk wanda ya lura da cewa jami'ar da ke ɗauke da sunan jikan Shehu Mujaddadi, Kirista ne ya raine ta shekara tara a mafi tsananin zamani, zamanin juyin mulki da yaƙin basasa, zai fahimci irin faɗin ƙirjin da aka kafa ta a kai.

To, yaya zaman yake a wancan lokaci? Ɗalibi yana da gadonsa a ɗakin kwana, ko a Ribadu, ko Sulaiman, ko Akenzuwa, ko Ɗanfodiyo, mata kuma a Amina. Yana da tikitin cin abinci sau uku a yini a kafteriya. Laburaren Kashim Ibrahim yana karɓar sababbin littattafai da mujallu daga ƙasashen waje. Gidajen malamai kuma suna nan cikin harabar, ana iya taka musu da ƙafa. Waɗannan abubuwa ana ambatonsu yau kamar gata ne kawai da aka yi wa 'yan tsiraru, kuma lalle gata ne. Amma fa'idarsu ta ilimi ta fi ta ciki yawa, domin teburin kafteriya shi ne wurin da ɗan Katsina da ɗan Gboko da ɗan Ogbomosho da ɗan Maiduguri suke zama dole su saurari juna, mai karatun injiniya ya ji abin da aka tattauna a ajin tarihi, mai karatun shari'a ya ji damuwar mai karatun noma, ga kuma ɗalibai 'yan gudun hijira daga kudancin Afirka suna ba da labarin mulkin wariyar launin fata baki da baki. Malamai kuwa sun fito daga Ingila da Indiya da Gana da Uganda da tsibiran Karibiyan. Yaron da ya zo daga ƙauye bai san kowa ba sai danginsa, kafin shekara uku ya riga ya san Nijeriya ta hanyar mutanenta, kuma wannan sani ne da babu manhajar da take iya rubuta shi.

A cikin irin wannan yanayi ne munazara ta bunƙasa har Samaru ta yi suna da ita. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya kafa sashen tarihi a kan aƙidar cewa tarihin ƙasar nan yana cikin rubuce-rubucen malamanta na Larabci da ajami da kuma bakin dattawanta, ya sa aka shiga tattara takardun Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da na Borno, daga baya ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Almajiransa, irin su Yusufu Bala Usman, wanda ya yi bahasi mai zurfi a kan tarihin Katsina, da Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya bi diddigin yadda Turawa suka ci daular Sakkwato da Borno, sun ɗauki wannan tahaƙiƙi suka fito da shi daga aji zuwa dandali, suna yin laccoci ga jama'a a kan tattalin arzikin ƙasa da yadda masu mulki suke wasa da addini domin biyan bukatunsu. Ɗalibai sukan cika zaure maƙil, masu ra'ayin gurguzu a nan, 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi a can, 'yan ƙungiyoyin Kirista a gefe, kowa da littafinsa a hammata, a kafa hujja a warware hujja. Ba lalle ne mutum ya yarda da duk abin da aka faɗa a waɗancan majalisu ba, ni kaina akwai da yawa da ban yarda da su ba. Amma ɗalibin da ya ga an ƙure farfesa a bainar jama'a da tambaya, farfesan kuma ya amsa da dalili ba da fushi ba, ya koyi ladabin saɓani, wanda malamanmu na fiƙihu suka daɗe suna ɗaukarsa rabin ilimi.

Ta fuskar al'ada ma haka abin yake, kuma a nan ne aka fi ganin abin da ɗalibai suke iya yi idan aka bar su tare. A 1958, tun wurin yana kwaleji, waɗansu samari masu koyon zane, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ƙi yarda a mayar da su masu kwaikwayon Turai zalla, suka ce kowa ya koma ga zanen gargajiyar mutanensa ya haɗa shi da dabarun da ya koya. Daga wannan zama na 'yan shekaru ne zanen zamani na Nijeriya ya sami alƙiblarsa. A tsakiyar shekarun 1970 kuma aka gina dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar da jar ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe mai zaure da ɗakuna kewaye da tsakar gida, sa'an nan malamai da ɗaliban sashen suka riƙa fita ƙauyuka, irin su Maska da Bomo, suna zama da manoma, suna jin kukansu game da taki da haraji da filaye, su shirya wasa da su, a yi shi a dandalin gari da Hausa, a tattauna bayan an gama. Wannan ya yi kusa da abin da Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu ya yi tanbihi a kansa sa'ad da jami'ar ta karrama shi da digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, inda ya tunatar da masu sauraronsa cewa ƙasar nan tana da tata sunnar ilimi tun da daɗewa, kuma jami'ar da ba ta kafa saiwarta a cikin al'ummarta ba, za ta dawwama baƙuwa.

Kada a ɗauka zaman duk alheri ne. A watan Afrilu 1978, sa'ad da gwamnatin soja ta ƙara kwabo hamsin a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗaliban ƙasar suka tashi da boren da aka sa wa sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya. A watan Mayu 1986, bayan an kori shugabannin ɗalibai saboda jerin gwanon tunawa da waɗancan mamatan, 'yan sanda suka shiga harabar Samaru suka buɗe wuta, aka sake rasa rayuka, Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerar shugabanci. A 1987 wutar rikicin Kafanchan ta iso Zariya ba ta tsallake jami'a ba, a shekarar da ta biyo kuma zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya rikiɗe ya zama faɗan addini, a wurin da dā ake alfahari da cewa mutane suna saɓawa da baki su ci abinci tare. A 1988 ɗin dai aka kama Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa ɗan Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1995 kuwa rikicin cikin gida ya kai jami'ar ga an naɗa mata soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya zama kantoma. Darasin da hukumomi suka ɗauka daga wannan duka shi ne cewa taron ɗalibai fitina ne, saboda haka aka taƙaita ƙungiyarsu, aka mayar da ita majalisar wakilai mai gajeren linzami. An sami sauƙin tarzoma, hakika. Amma tare da tarzomar an rufe makarantar da matasa suke koyon shugabanci, da tsayawa zaɓe, da jin ɗacin kaye, da yin magana a madadin waɗansu.

Sauran abin ya zo a hankali, ta hanyar tattalin arziki. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abinci, kafteriya ta mutu, kowa ya koma ga risho da tukunyarsa ko rumfar mai abinci. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira har albashin farfesa ya kasa sayen littafi daga waje, baƙin malamai suka tafi, na gida da yawa suka bi su ko suka koma banki da siyasa. Yawan ɗalibai kuwa bai daina hauhawa ba, ɗakin da aka gina domin mutum biyu ya koma ɗaukar ninkin haka har da 'yan raɓe, mafi yawa kuma suka fita neman haya a Samaru da Hayin Dogo da Zango da Palladan, inda kowa yakan nemi ɗan garinsu ko ɗan addininsu su haɗa kuɗin ɗaki. Malamin da ke fuskantar ɗaruruwan fuskoki a lacca guda ba shi da halin sanin sunayensu, balle halayensu. Ɗalibi kuma, da ya ga abin da ake nema a gare shi shi ne ya mayar da abin da aka ba shi a takarda ranar jarrabawa, sai ya taƙaita himmarsa a kan tsallake kwas da gudun maimai. A kan wannan duka sai ga yajin aikin malamai: kusan wata shida a 2013, wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Ina ganin malaman suna da gaskiya a mafi yawan abin da suke nema, gwamnati kuma ta sha sa hannu a yarjejeniya ta saɓa. Sai dai hasarar da ba a cika lissafawa ba ita ce, zaman da ake yankewa kowace shekara biyu ba ya haifar da al'ada, domin ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo ko mujallar ɗalibai tana rayuwa ne idan na gaba sun miƙa wa na baya, idan kuwa aka watse wata takwas, sai silsilar ta tsinke.

Game da maƙwabta, adalci ne a ce jami'ar ta biya wani kaso mai yawa na haƙƙinsu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga waɗanda manoma suke shukawa daga Sakkwato har Adamawa, da yawansu ba su ma san daga inda irin ya fito ba. Cibiyar Shika ta yi aiki a kan kaji da shanu da ciyawar kiwo. Asibitin koyarwa yana karɓar majinyata daga jihohi masu yawa. Kongo ta horar da alƙalai da ma'aikatan ƙananan hukumomi na Arewa tsara bayan tsara. Garin Samaru kansa da jami'ar yake numfashi, gama ranar da aka tafi yajin aiki mai shayi da mai ɗinki da mai acaba da mai gidan haya duk sun shiga yajin tare da malamai ba da shawararsu ba. Amma akwai wani abu da kullum yake damun zuciyata, shi ne ganin almajirai ƙanana suna kai-komo a bakin ɗakunan ɗalibai da gidajen hayarsu, suna wanke kwanuka da tufafi domin ragowar abinci. Su ma ɗaliban ilimi ne, magadan wancan tsari na zaure da muka ambata, wanda ya rasa majiɓinci tun da aka rushe baitulmalin da ke ɗauke da shi. Kuma jami'ar da take da tsangayar ilimi, da sashen Larabci, da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci, da masana zamantakewa, ita ce ta fi kowa cancantar ta mayar da makarantun allon da ke jikin katangarta wurin gwajin gyaran da ake ta rubuta kundaye a kansa.

Mai karatu zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, tsohon tsarin na 'yan kaɗan ne, an ciyar da ɗaruruwa da dukiyar miliyoyi, kuma buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa da mata, waɗanda yanzu suke cika azuzuwan likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna, alheri ne da ya fi abincin kafteriya. Na yarda da wannan ba tare da wani sharaɗi ba, kuma ba na kiran a rage ɗalibai ko a dawo da tikitin abinci, domin baitulmalin ƙasa ba zai ɗauka ba. Haka nan ban jahilci cewa har yanzu akwai rai a Samaru ba: masallatai da majami'u cike suke da halƙoƙin karatu, ɗalibai suna koya wa junansu darasi da dare a azuzuwa kyauta, masu zane suna nan suna sassaƙa a lambunsu, wayar hannu da intanet kuma sun sa wa yaro laburaren da kakansa bai yi mafarkinsa ba. Illa dai mafi yawan wannan rayuwa yanzu ta rabu gida-gida, kowa da jama'arsa, wuraren da ke tara kowa da kowa su ne suka yi ƙaranci. Waya kuma tana kawo wa mutum littafi, amma ba ta zaunar da shi gaban wanda ya saɓa masa.

Abin da ake iya gyarawa ba ya bukatar mu'ujiza. Ya kamata kowane sabon ɗalibi ya sami gado a cikin harabar aƙalla shekararsa ta farko, a kuma raba ɗakunan da gangan yadda ɗan Zamfara zai kwana da ɗan Binuwai. A mayar wa ɗalibai cikakkiyar ƙungiyarsu, a jure hayaniyarta, tun da wanda ba a bari ya jagoranci 'yan'uwansa yana ɗan shekara ashirin ba, da wuya ya iya jagorancin jiha yana da hamsin. A rayar da laccar jama'a, wani lokaci a yi ta da Hausa a cikin garin Samaru ko a birni, malaman zaure su hau mumbari ɗaya da malaman jami'a. Gwamnati da ƙungiyar malamai kuwa, wajibi ne su nemi hanyar husuma wadda ba ta bi ta kan kalandar karatu ba.

Magana ta ƙarshe ga tsofaffin ɗalibai take. Wannan jami'a ta yaye shugaban ƙasa, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, da mataimakan shugaban ƙasa biyu, da gwamnoni da sarakuna da alƙalai da attajirai waɗanda ba su ƙirguwa, mafi yawansu kuma sun ci sun kwana a Samaru da Kongo da kuɗin talakawan da ba su taɓa shiga aji ba. Musulminsu sun san hukuncin waƙafi da ladan sadaka mai gudana, Kiristansu ma suna da irin wannan koyarwa a addininsu. Ku haɗu aji-aji, kowane aji ya gina ɗakin kwana guda ya tsayar da abin da zai riƙa kula da shi, ku ajiye wani abu domin mujallar ɗalibai da dandalin wasa da laburare, sa'an nan ku riƙa zuwa da kanku kuna zama da yaran nan, ku ji tambayoyinsu, ku amsa musu.